Kurman Maɓalli

Shafin intanet na shagon Kawu ni na gina masa, shekara huɗu ke nan. Kafinta ne, gadaje da kujeru yake yi, kuma yawancin masu ba shi aiki ta shafin suke zuwa. Su rubuta abin da suke so, su danna maɓallin "Aika", saƙo ya faɗo wayarsa.

Maɓallin nan ne ya tsone mini ido. Toka-toka, ba fasali. Sai na rubuta ɗan umarni, layi biyar: da an buɗe shafi, a nemo tsohon maɓalli, a cire shi, a dasa sabo a gurbinsa. Kore shar. Na duba allo, ya zauna daram. Ban danna ba. Wa ke gwada abin da ya shekara huɗu yana aiki?

Na manta abin da na sani tun ina ɗaliba. Umarnin da ke sauraron dannawa, a jikin tsohon aka ɗaura shi, da aka cire shi kuwa ya tafi da kunnensa. Sabon hoto ne kawai, a danna sau ɗari, ko gezau.

Wata biyu Kawu yana duba waya, shiru. Bai zarge ni ba. A ganinsa abin da 'yar ƙanwarsa mai digiri ta gina ba ya lalacewa.

"Kasuwa ce ta juya, 'yar nan," in ji shi. "Yanzu kowa na ƙarfe yake so."

Na ce Allah ya kawo sauƙi. Har da tausayina.

Wata abokiyar aikina ce ta tona, tana neman tebur. "Ke, shafin kawunki kurma ne? Sau uku ina dannawa."

Gyaran bai ci minti biyu ba. Na aika saƙon gwaji, "Ina son gado ɗaya," sannan na kama hanyar shago, kunya kamar ta kashe ni.

Babban injin yankan katako ba ya nan. Sai ramukan ƙusa huɗu a siminti, da wurin da garin katako bai taɓa sauka ba. Makon jiya Kawu ya sayar, ya ce zaman me injin zai yi ba aiki.

"Kawu, akwai maganar da..."

"Tsaya ki gani tukuna." Ya goge hannu a riga, ya miƙo mini wayar yana murmushi. "An fara tunawa da mu. Wani yana son gado."