Bugu Biyu a Kan Hular Kwano

Shekara talatin da ɗaya ina shugaban makanikai a garejin ƙungiyarmu ta tseren mota, ban ga direba irin Armand Piret ba. Ran Asabar yakan hau ƙaramar mota a gajeren tsere, inda ake gogar ƙofa da ƙofa ba mai cewa sannu. Mako na zagayowa ya shiga dogon tsere, inda mutum uku ke karɓa-karɓa da mota ɗaya. Kan ƙanƙara ya ci, hawan dutse ya ci. Amma shekara hamsin da huɗu ba wasa ba ce, kuma mai ƙungiya ya gaya masa a gabana cewa in ya ƙara taɓa motar wani, baɗi ba shi da kujera.

Muna da doka, ni na kafa ta. Direban da ya fito shi ke ɗaure wa mai shiga bel, ya gaya masa a kunne abin da ke damun mota. In lafiya take, ya bugi hular kwanonsa sau biyu. Mai shiga ba ya tambaya. Da bugun nan yake taka mai.

Ranar tseren awa shida ne, a filin da ke cikin dajin Ardennes, ana yayyafi. Griet Claessens ce za ta karɓi mota daga hannun Armand, yarinyar da shi ya koya wa tuƙi cikin ruwa. Da safe tana cin soyayyen dankali tana tsokanarsa, wai Kaka, haka take kiransa, ya taimaka ya bar mata ɗan birki, kada ya cinye duka. Ya ce ta fara koyon fakin tukuna.

Bayan azahar ya shigo da motar don Griet ta karɓa. Muka canza taya, muka zuba mai. Ina kallo ya ja mata bel, ya ɗan tsaya, sannan ya buga sau biyu.

Zagayenta na huɗu, a gangaren da ke bayan itatuwa, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ya karye. Motar ta daki shinge. An fito da ita da rai, amma wuyan hannunta ya karye wuri biyu.

Kowa ya tafi wajen likita, ni na tafi wajen tayoyin da muka cire. A bakin ƙarfen tayar gaba ta dama akwai shuɗin fenti. Motarmu fara ce.

Na sami Armand bayan tirelarmu, kofi ya huce a hannunsa. Na ajiye tayar a gabansa. Bai yi musu ba. Ya ce a kwanar da ba kyamara ya ture wata mota da gefen tamu, yadda ya saba ran Asabar, hannunsa ya riga kansa. Sitiyari ya fara rawa kaɗan. Ya ce ya sha kai motar da ta fi wannan rawa har ƙarshe.

"Kai ka kai ta," na ce. "Kai ka san tana rawa. Ita fa?"

"Da na faɗa, Fernand, da an gama da ni."

"Yanzu fa?"

Na gaya masa ba zan kai ƙara ba, ba kuma zan goge fentin ba. Tayar tana nan har mai ƙungiya ya dawo daga asibiti.

Bai jira shi ba, asibitin ya tafi. Matar da ke dafa mana abinci tana ɗakin, ita ta ba ni labari. Griet ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga murya ba.

"Na ji rawar tun kwanar farko, Kaka," ta ce. "Sai na ce ai ka buga sau biyu."

Ran Litinin ya zo gareji. Kowane direba yana da soson kujera da aka zuba daidai bayansa, suna jere a kan kanta da suna. Ya ɗauki nasa, ya saƙale a hammata. Ya miƙo mini hannu, na karɓa, don shekarun da muka yi tare ba sa gogewa. Amma ban ce masa ya zauna ya sha kofi ba.