Ƙarfen Bangon Dama

Shekara talatin maigidanta yana walda, bai taɓa kafa ƙarfe a karkace ba. Shi ya sa da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ba wanda ya isa ya gaya masa inda za a sa ƙarfen dafawa. Yana zaune bakin gado ya nuna wa ƙaninsa da sanda: bangon dama, daga ƙofar ɗaki har banɗaki.

Zuwa lafiya lau. Dawowar ce ba wanda ya tuna da ita. Da zarar ya juyo, ƙarfen ya koma gefen hannun da ba ya motsi, mai lafiyar kuwa sai shafar bango sumul.

"Malam, a ƙara wani ƙarfen a ɗaya bangon mana," in ji ta.

"Don ƙanina ya kai wa 'yarki labari?"

'Yar tasu kuwa ta riga ta yanke magana: "Inna, in Baba ya faɗi ko sau ɗaya, sai keke." Keken guragun na nan a naɗe bayan ƙofa. Malam kuma ya rantse duk wanda ya hau shi ba ya sauka.

Sau huɗu yana faɗuwa, sau huɗu tana ɗaga shi, tana shirga wa 'yarta ƙarya a waya. Mutum ne ƙato, ciwo bai rage masa nauyi ba, bare taurin kai. Wallahi ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran nan da hantsi tana wanki ta ji tim! Ko salati ba ta iya yi da ƙarfi ba. Ta zo ta tarar da shi a ƙasa, ta durƙusa, ta rataya hannunsa a wuyanta, ta yunƙura. Bayanta ya ƙi. Ta zube kusa da shi tana nishi.

Garin lalubenta hannunsa ya ji wani abu mai tauri a ƙugunta. Tsohon bel ɗinsa ne na aiki, mai faɗi, ta ɗaure shi tamau ƙarƙashin riga don ya tallafi bayanta.

"Tun yaushe?"

"Tun faɗuwa ta biyu."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen nan nasa, miƙaƙƙe sambal.

"In kin huta," ya ce, "ɗauko keken. Ki ajiye min shi ta dama."