Darasin "Da Na Je" a Shagon Guga

Saura kwana goma sha tara in bar Jidda muka kai shafi na ɗari da arba'in.

Malam Usuman ya buɗe littafin Faransancin a kan teburin guga, ya danne gefensa da kwalbar sitati don kada fanka ta juya takardar. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da yara a Maraɗi, yanzu jallabiyoyin mutane yake gogewa a wani shagon wanki a unguwar Sharafiyya. Ni ne ɗalibinsa tilo, ɗan shekara hamsin da uku, da tumbina da tabarau na karatu, zaune a kan bokitin omo da aka kife.

A unguwar Ammariyya, nan cikin Jidda, aka haife ni, amma fasfona na Nijar ne, ƙasar da ban taɓa gani ba sai a taswirar bangon ofishin jakadanci. Ubana ya zo hajji daga Damagaram yana saurayi, ya ce zai ɗan huta ya koma. Hutun ya kai shekara sittin. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ɗaure, na tafiya gida, kuma duk shekara amsarsa ɗaya ce: badi in sha Allah. Innarmu ta ce lokacin da abokan zuwansa suka yi takardun zama 'yan ƙasa, shi cewa ya yi me mutumin da zai tafi badi zai yi da takardar ƙasar mutane? Yanzu yana kwance a maƙabarta, akwatin kuma yana ƙarƙashin gadona.

Shekara ashirin da takwas na yi ina tuƙa motar kayan alhazai daga filin jirgi zuwa masaukansu a Makka. Kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashin sunansa, ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da motocin, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, ba kuma wanda yake marmarin tsohon direba. Aka buga mini hatimin fita ta ƙarshe daga ƙasar. Matata Bashira za ta bi ni. Wejdan, 'yarmu ɗaya, tana auren ɗan ƙasa a unguwar Sa'alaba da cikin wata bakwai, ita tana nan.

Malam Usuman ne ya samo mini 'yar ƙofa. Ya san wani Alhaji Bawa mai kamfanin jigilar alhazai a Damagaram, yana neman mai jin Larabci da zai riƙa rako maniyyatansa duk shekara. Duk shekara ke nan in sauka a Jidda, in ga Wejdan da abin da za ta haifa. Ban ga wata hanyar ba. Alhajin ya ce zai kira ni ranar Talata bayan azahar ya ji ko na dace.

Duk takardar da ofishin jakadanci ya taɓa ba ni da Faransanci take, sai na yanke wa kaina hukunci cewa a can ko burodi ba a sayarwa sai da Faransanci. Malam Usuman bai ƙaryata ni ba. Ina jin kewar allo ce ta dame shi. Wata huɗu muna bin littafin shafi bayan shafi, ba ya tsallake ko ɗaya.

Ranar Talatar na ce masa, "Malam, yau mutumin zai kira. Mu maimaita gaisuwa mana."

"Gaisuwa shafi na biyar ce, Abu Wejdan, mun wuce ta tun Rajab. Yau *conditionnel passé*."

"Mene ne kuma wannan?"

"Abin da mutum zai yi da, amma bai yi ba. Da na je, da ka je, da ya je. Nasara ya ware masa babi guda."

"Mu a gidanmu gado ne. Ba sai an koya mana ba."

Bai yi dariya ba, ba ya dariya lokacin darasi. Ya fesa wa wata jallabiya ruwa, ya ɗora dutsen guga, ya ce in bi shi. *Je serais allé.* Na bi. *Tu serais allé.* Na bi. Da ya ce in yi ni kaɗai sai na cakuɗa su, na ba "mu" abin da yake na "su", na haɗiye rabin sauran.

"Yaro ɗan shekara tara yana yin wannan a Maraɗi," in ji shi.

"Yaron Maraɗi bai yi shekara ashirin da takwas yana shaƙar hayaƙin dizal ba."

"Sake."

Ina cikin sakewa wayata ta yi ƙara. Lambar waje ce. Malam Usuman ya kashe fanka, ya tsayar da dutsen guga a kan gindinsa, ya yi mini alama in buɗe sautin ya ji. Na gyara murya, na saki abin da na kwana uku ina tanadi.

"*Bonjour, monsieur.*"

"Kai, wane mushe? Ni ban yi lakwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba. Alhaji Abdulwahidu ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Na kalli Malam Usuman. Shi kuma ya kalli silin.

Muka gaisa da Hausa, doguwar gaisuwa, har da tambayar zafin Jidda. Alhaji Bawa yana da muryar mutumin da ya saba magana a tasha. Ya ce Hausata ta sha Larabci amma tsofaffi za su gane. Ya tambaye ni ko na san Makka. Na zayyana masa unguwanni, da hanyar da babbar mota take bi in an rufe titi, da asibitin da ya fi kusa da kowane masauki. Yana ta cewa madalla, Alhaji, madalla. Rabon da wani ya ce mini madalla tun kafilina yana da rai.

"To, Alhaji, ga tambaya ta ƙarshe. Kana da tsofaffi arba'in a tantin Mina, wasu ko Yamai ba su taɓa zuwa ba. Ranar jifa ta farko, wane lokaci kake fita da su, ta ina kuma kake bi?"

Na tsura wa wayar ido.

"Alhaji? Layin ya yanke ne? Hajji nawa ka yi tukuna?"

Malam Usuman ya ɗaga yatsu uku a gaban fuskata, yana girgiza su. Na ga yatsun sarai, har da tabon ƙuna a na tsakiya. Ba zan yi taƙama da tsoron Allah ba, ban ji komai a ƙirjina ba a lokacin. Tsofaffin nan arba'in kawai na gani tsaye a bayana cikin rana, suna jira in nuna gabas.

"Ban taɓa yi ba, ranka ya daɗe. Umara dai na yi, ba adadi."

"Ban ji ba."

"Ban yi hajji ba."

"Shekararka nawa a nan?"

"Hamsin da uku."

"Tsakaninku da Makka fa?"

"Awa ɗaya. In hanya ta yi kyau ba ta kaiwa."

"Ikon Allah. Ni shekara tara na yi ina jiran kujera."

"Lokacin aiki ne, ranka ya daɗe. In alhazai sun hau Arfa mu muna jera jakunkunansu. Kuma abin yana kusa. Kullum sai in ce badi."

Ya ja numfashi, na ji wani yana yi masa magana a gefe game da buhun gero.

"To, Malam Abdulwahidu," ya ce. Na lura da inda laƙabin "Alhaji" ya faɗi daga sunana, ban sunkuya na ɗauka ba. "Mutanena kai za su tambaya. Kai kuma wa za ka tambaya? Ka yi haƙuri. In Allah ya nufa ka je wata shekara, ka neme ni."

Na yi masa godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara arziki.

Malam Usuman ya kunna fanka. "Uku na nuna maka, Abu Wejdan. Ko ɗaya ka ce mana. Wa zai bincika?"

"Tsohuwar wani, in ta ɓace a Mina."

"Yanzu ya ke nan?"

"Yanzu shafi na ɗari da arba'in."

Ya dube ni ya ga da gaske nake. Ba ni da inda zan je kafin la'asar, gida kuma Bashira tana naɗe kwanuka cikin tsofaffin zannuwa, za ta karanta fuskata tun daga ƙofa. Ya gyara kwalbar sitatin a kan littafi.

Na fara. *Je serais allé, tu serais allé, il serait allé.* Na wuce *nous serions allés*, na wuce *vous seriez allés*, na sauka a kan *ils seraient allés* ba tare da na yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na je, da ka je, da ya je, har kan su.

"Ashirin bisa ashirin," in ji Malam Usuman, a hankali, kamar mai ta'aziyya.

Wayata ta yi motsi a kan gwiwata. Saƙon Wejdan ne, rabi Larabci rabi Hausarta mai ɗingishi: "Baba, esh sar? Sun ɗauke ka? Yalla faɗa mini, tun safe ban ci ba."

Na rubuta mata: badi in sha Allah. Yatsana ne ya rubuta, ko tunani ban yi ba. Na zauna ina kallon kalmomin ta ƙasan tabarau, sannan na goge su harafi bayan harafi. Na rubuta: "Ba su ɗauke ni ba. Ki ci abinci. Gobe zan zo in wuni, jibi ma."

Na aika. Malam Usuman ya ɗauko wata jallabiya daga tuli, ya tambaye ni ko mu shiga shafi na gaba. Na ce ya bari tukuna, akwai wani akwati a ƙarƙashin gadona da zan je in kwance.