Sabon Takalmin Tofazzal

"Taka da ƙarfi mana! Ba ka ci shinkafa ba ne yau?" Tofazzal Mia ya daka wa mai keken haya tsawa, yana rungume da sabuwar laima. Baƙin takalmi sau-ciki na ƙyalli a ƙafarsa, irinsa na farko a shekararsa tamanin da ɗaya a duniya.

"Zauna, tsoho, kar ka faɗa gonar mutane," in ji Niranjan wanzami, abokinsa tun ƙuruciya. "Sai ka ce kai aka ba makarantar."

"Jikata aka ba! Jinina!"

Yau jikar tasa, Shiuli, za ta kama aikin shugabar makarantar 'yan mata, a tsohon gidan Zamindar, wato uban ƙasa, wanda a da duk gonakin ƙauyen nasa ne. A zamanin, talaka bai isa ya gifta ƙofar nan da takalmi ko buɗaɗɗiyar laima ba. Mahaifin Tofazzal ya manta rana ɗaya ana ruwan sama, aka zane shi a gaban ɗansa. Shi ya sa da takardar Shiuli ta iso, Tofazzal ya rantse a shagon shayi: da takalmi zai shiga, laima a buɗe.

"Bayan masu gidan sun gudu, rumbun rama ya zama," ya ce, yana nuna farin ginin.

"Sojoji tukuna," in ji Niranjan.

"Rama, sannan sojoji! Sannan awakinka suka gāje ɗakin rawa."

"Ko su sun fi ka shiga, malam."

Gaskiya ne. Duk juyin da gidan ya sha, ta bayansa Tofazzal yake zagayawa.

Suka sauka. Ganguna na tashi, ɗalibai na watsa furanni, ana raba alewar madara. Tofazzal ya kutsa yana ɗaga wa kowa hannu. "Ni ne kakanta! Ku ba ni hanya!" Bai tsaya ba sai kan matakalar baranda, inda Shiuli ke jira.

Ta dube shi, ta dubi ƙasa. Murmushinta ya ɗauke.

"Kaka... ina takalmin?"

Ga shi nan a hammatarsa, tare da laimar a naɗe. Ƙafafunsa tsirara, duk ƙura. Bai ma san lokacin da ya sunkuya a bakin ƙofa ba.



"Ba komai, angona," Shiuli ta ce a hankali, ta durƙusa. "Kawo in sa maka a nan."

"A'a. Ba a nan aka doki babana ba."

Ya juya ya sauka. Shiuli ta yi wa masu ganga alama su dakata, ta bar manyan baƙi a zaune, ta bi bayansa har bakin ƙofa, inda zai sa takalminsa ya buɗe laimarsa ya sake shigowa.