Fankar Maigida da Iskar La'asar

Tela tana tsaka da ɗinkin wuyan riga sai maigidanta ya ƙwala mata kira daga bakin ƙofa, inda yake zaune da ƙafa a miƙe cikin filasta tun ranar da santsi ya kwashe shi a banɗaki.

"Ajiye ɗinkin nan ki fito! Rediyo ta ce iska mai ƙarfi na tafe kafin la'asar."

Ta fito da zare a baki. A tsakar gida dogon bututun ƙarfe yana tsaye, a samansa fankar da maigidan ya kafa bara, bayan ya ajiye tuƙin babbar mota. Iska ke juya ta, ita kuma ta cika batir, batirin ya ba keken ɗinki da fitilun gidan wuta. Wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da bututun, kowace an ɗaure ta a turke. To amma ruwan makon nan ya jiƙa ƙasa, turke ɗaya ya fara ɗagowa, bututun ya karkata zuwa rufin maƙwabcinsu mai shago, daidai ɗakin da matarsa ke kwance da jariri.

Tela ta juyo ta dube shi. "Baban yara, in ya faɗa musu fa?"

"Ba zai faɗi ba. Ni ne kai, ke ce hannu. Fara da birki, jan makunnin nan na jikin akwatin batir."

Ta danna. Fankar ta rage gudu, ta yi tsit kamar yarinyar da aka daka wa tsawa.

Ƙanwar Tela ta leƙo daga ɗaki. "Yaya, ni fa awon riga na zo."

"Za a yi miki awo. Riƙe shebur tukuna."

Maigidan ya ce turke ba zai ƙara kama wannan laka ba, sai an binne abu mai nauyi. Ya nuna tsohon wilin babbar mota da ke jingine a bango. Suka fara haƙa, ƙanwar tana mita tana tattare zani. Ana haka mai shago ya leƙo ta kan katanga.

"Lafiya dai, maƙwabta?"

"Lafiya lau, ɗan gyara ne," in ji maigidan da sauri.

Tela ta dafa shebur. "Ba lafiya ba, Malam. Bututun nan ɗakinku yake kallo. Mayar da mai ɗakinka da jaririn falo, sannan ka zo mana da diga."

Ba a jima ba sai ga shi, ya rufe shago ya naɗe hannun riga. Ramin ya yi zurfi, suka gangaro da wilin su uku, ya kusa murƙushe takalmin ƙanwar. Suka naɗa masa sarƙa, suka tura shi ciki, suka bi shi da duwatsu da ƙasa, mai shago ya hau yana tattakawa da dukan ƙarfinsa. Tela ta maƙala wayar a sarƙar, ta sa sifana ta kama sukurun da ke jan wayar.

"Juya dama!" in ji maigidan.

"Damarka ko damata?"

"Dama dai! Ai dama ɗaya ce a duniya."

Ta juya, wayar ta ƙara saki. Ƙanwar ta yi dariya har da zama a kan bokiti. Tela ta koma ɗaya ɓangaren, a hankali bututun ya fara miƙewa. Ta ɗaura almakashi a zare, ta ɗaga, ta rufe ido ɗaya tana gwada shi da bututun, ta bi sauran wayoyin tana ƙara musu ƙarfi har ya tsaya cak.

Da ƙyar suka shigar da maigidan da kujerarsa kafin gari ya yi baƙi. Iskar ta zo da ƙugi. Ta kwashe shanya, ta yi ƙwallo da bokitai, wayoyin suna ta fito. Tela ta tsaya a taga, tafukanta na zogi, tana kallon bututun yana rawa yana dawowa. Can wani kwanon rufi ya taso daga bayan layi ya wuce ta samansu. Ba ta ɗauke ido ba sai da yayyafi ya sauka, iskar ta lafa.

Bututun yana nan.

Wutar unguwa ta ɗauke, an ce falwaya ta faɗi a bakin titi. Tela ta saki birki, fankar ta kama juyi. Kafin magariba tsakar gidan ta cika da maƙwabta, kowa da waya a hannu yana neman caji. Maigidan ya sa aka fito da kujerarsa tsakiya.

"Sai da na binne wili guda," yake gaya musu. "Aiki ne na lissafi."

Mai shago ya dubi Tela, ta girgiza masa kai kaɗan tana murmushi.

Da mutane suka ragu, maigidan ya duba akwatin kayan aikinsa. "Tela, ina sifanata?"

"Tana ɗakina," in ji ta, tana zagaya kafaɗar ƙanwarta da tef. "In kana bukata ka yi magana, zan ara maka."