Kujerar Baya a Motar Hamidou

Ni ban yi makaranta ba, amma na san mutum ba ya kulle mota ya tafi shan shayi bai leƙa kujerar baya ba. Abin da Hamidou ya yi ke nan, direban da ke kai yaran layinmu na Madain Fahd makaranta. Ya sauke goma sha ɗaya, ya bar ta goma sha biyun tana barci, jikata Jawahir, ya je ya ajiye motar a rana a unguwar Khumra. Awa uku. Wani makanike ne ya ji ana dukan gilashi da takalmi.

Kwananta biyu a asibiti aka ce ta warke. Ina warkewar? Yarinya mai shekara goma sha biyu ba ta shiga mota, ba a rufe mata ƙofa, in mukayyif ya tsaya da hura sanyi sai ta maƙale a bango tana rawar jiki. Wata biyu babu makaranta. A Jidda kuwa wanda ba ya shiga mota ai ɗaurarre ne.

Shi kuma Hamidou ya ce wa dattawan unguwa wai ɓuya ta yi don wasa. Suka zo mini da tasbahansu. "Hajiya Mastura, a rufa masa asiri. In kika kai ƙara kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, zai sallame shi, iƙamarsa ta zaman ƙasa ta mutu."

Na ce, "Da ita ta mutu fa?"

Na sa aka rubuta mini takardar ƙarar, na dangwala yatsa. Kuma duk wanda ya shigo gidana sai na kira ta. "Zo ki faɗa musu. Ɓuya kika yi?" Sai ta tsaya tana kallon tayil.

Malamarsu ce ta haɗa mu da Duktura Areej, likitar da ke kula da yaran da suka firgita. A ƙafa muke zuwa duk Talata bayan la'asar, da waɗannan gwiwoyin nawa. Na zaci allura za ta yi. Maimakon haka ni ta fara yi wa faɗa, tana kirana khala, wato inna.

"Khala, ki daina sa ta ba da labarin gaban baƙi."

"Shaidata ce."

"Jikarki ce. Za ta ba da labarin, amma a nan, kaɗan-kaɗan, ranar da ta shirya."

Ta ce a Amurka ta koyi aikin, a kan yaran mutanen Meksiko, kuma kakanninsu ma haka suke da baki. Na ce to Allah ya ƙara musu.

Ta koya wa Jawahir jan numfashi a hankali. Ta koya mata in tunani ya zo ta tambaye shi: gaskiya ne, ko tsoro ne ke magana? Suka zana tsani a takarda. Matakin farko, ta tsaya kusa da motar maƙwabcinmu Abdulghaffar. Na biyu, ta taɓa ta. Har ta kai ga zama a ciki ƙofa a buɗe. A nan ta tsaya cak, mako uku. Da an kai hannu ga ƙofar sai ta diro.

Rannan Duktura ta kira ni ni kaɗai. Ta ce Jawahir ta gama rubuta labarinta, za ta karanta mini. "Sharaɗi biyu, khala. Ba katsewa. Ba tsinuwa."

"Ko ga Hamidou?"

"Musamman ga Hamidou."

Na zauna na damƙe jakata. Jawahir ta karanta da Larabci, don Hausarta a kunne take, ba a baki ba. Ta faɗi yadda kujera ta ƙona mata cinya. Yadda ta lashe murfin gorar ruwanta. Na cije mayafi. Sai ta zo wani wuri muryarta ta yi ƙasa.

"Kullum ina barci a mota, saboda ina tashi kafin asuba in taya Sitti markaɗen ƙosai. Ban taɓa gaya mata ba, don kada ta yi ita kaɗai ƙafarta na ciwo. Da na farka a asibiti Sitti ta ce, wane irin barci ne wannan. Ammu Hamidou ya ce ɓuya na yi. Ban ɓuya ba. Amma ni na yi barci. Ina ganin laifina ne."

Sitti ni ce. Ƙosan da nake sayar wa leburori da safe, shi ne cinmu tun rasuwar uwarta. Kuma na faɗi maganar, wallahi na faɗa, ina kuka ina jijjiga ta. Na manta. Ita ba ta manta ba. Duk ranar da na tsayar da ita gaban baƙi ina cewa faɗa musu, ashe shari'a take jin ana yi mata.

Duktura ta dube ni. Na ce, "Jawahir, ni na tashe ki. Yaro in an tashe shi barci yake yi. Bakina ne ya yi laifi, ba idonki ba."

Ta ce, "Amma shi ya ce..."

Ba ta ƙarasa ba. Na gane nawa kaɗai bai isa ba.

Washegari da azahar na sami Hamidou a bakin masallaci yana goge motar. Ya gan ni ya nemi zagayawa. Na tare shi.

"Hajiya, don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla. Ka leƙa baya ranar ko ba ka leƙa ba?"

"In na faɗa, halas, shi ke nan, sun mayar da ni garinmu Tawa. Yara huɗu gare ni."

"Ka taɓa kulle ɗaya a mota?"

Ya ci gaba da goge motar. Na zaro takardar na nuna masa yatsana a jiki.

"Ni na faɗi nawa jiya, a gabanta. Saura kai. Ka zo ka gaya mata da bakinka, gaban dattawan da ka yi wa ƙarya. Kuma ka bar ɗaukar yara, ka ɗauki buhu, ka ɗauki kwali. In Alhamis ta wuce, wannan ta tafi ofis."

Laraba bai zo ba. Alhamis har la'asar ba ya nan. Na sa abaya, na ɗauki jaka. Ina ɗaura takalmi aka yi sallama. Shi ne, da dattawa biyu. Duktura ta riga ta ce mini kada a tilasta wa Jawahir fitowa, don haka na tambaye ta. Ta fito ta tsaya a bayana tana jan numfashin nan nata.

Ya kasa kallonta. "Ba ki ɓuya ba. Ban duba ba. Aikina ne in duba, ban duba ba."

Wani dattijo ya fara cewa to a yafe juna. Na ce ba yau ba, Alhaji, ba wannan ya kawo ku ba.

Jawahir ta juya. Ta koma ɗaki.

Ranar Talata muka shiga motar Abdulghaffar, tana tsaye a inuwa, gilashi a sauke. Ni a gefenta, Duktura a waje. Mun daɗe. Sai ta miƙa hannu ta jawo ƙofar da kanta. Na ji ƙarar a ƙirjina. Na ƙirga numfashinta: tara. A na goma ta buɗe ta fita.

"Gobe kuma, Sitti," in ji ta da Hausa.

Takardar tana cikin jakata har yanzu. Ƙosai kuwa sai rana ta fito nake fara suya, wanda ba zai jira ba ya ci burodi.