Kanarin Fadamar Katuru

Malam Armiya'u ya fito da sanyin safiya, sanda a kafaɗa, ya miƙi hanyar fadama kamar mai zuwa karɓo gado. Jiya 'yarsa Saude ta ce masa, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, kunnensa ya fara nauyi. Shi fa! Mutumin da duk Katuru aka sani yana kiran sunan tsuntsu daga kukansa tun kafin a ga reshen da ya sauka.

Tun da matarsa ta rasu, tsuntsayen nan ne abokan hirarsa, kanarin daji kuwa shi ne na gaban goshi. Bana bai ji shi ko sau ɗaya ba. Ya ce sare itatuwa ne ya kore shi, kuma yau zai je ya tabbatar wa kansa, don in ba haka ba ne, to maganar Saude ce gaskiya.

Yana tafe yana tsayawa. Ga kurciya can cikin gawo. Ga ragon maza yana gurnani a duhuwar kargo. Ya ɗan yi murmushi, ya ce a ransa yaran zamani sai su ɗora wa mutum ciwon da ba shi da shi.

A gindin tsamiya ya tarar da Alhassan makiyayi, tsaransa, ya ɗaga kai sama shanu na kiwo.

"Malam, ka zo a sa'a," in ji Alhassan. "Mutumin naka tun ɗazu ya cika mana kunne."

"Wane mutumi?"

Alhassan ya nuna da sanda. Kanari ne a kan busasshen reshe, kusa ƙwarai, ƙirjinsa ruwan ɗorawa. Bakinsa a buɗe, maƙogwaronsa na rawa, duk jikinsa na motsi saboda ƙarfin waƙa. Malam Armiya'u ya ture hula, ya karkata kunnen dama, ya juyo na hagu. Numfashin shanu kaɗai yake ji. Kaɗaici ya rufe shi irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza.

Ya zuba wa tsuntsun ido har ya koma cikin ganye ya ɓace masa.

"Alhassan, har yanzu yana yi?"

"Yana yi, Malam."

Ya jingina sandarsa da tsamiya, ya zauna a kan saiwa.

"To, bari in jira. In ya gama ka faɗa mini."